Minshari da Ƙiba a Tsakanin Mata: Amsoshin Tambayoyinku

Saƙonnin da suka taru mana a kan minshari yawancinsu na mata ne, kuma kusan kowace sai ta haɗa da roƙon a sakaya sunanta. Mun sakaya. Ga bakwai daga ciki, mun gajarta su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 38, 'ya'yana biyar, ina suyar awara a ƙofar gida. Da ƙuruciyata ban san minshari ba, amma tun haihuwata biyu na ƙarshe jikina ya buɗe, maigida kuma ya ce ba na barinsa ya runtsa. Gidan haya muke, har maƙwabciyata ta fara yi min tsiya. Wai da gaske ƙiba ce ke kawo shi?
Wata uwargida, Kurna, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, uwargida. Da gaske ne. Daga bayan hanci zuwa maƙogwaro akwai wani yanki na hanyar numfashi da babu ƙashi ko guringuntsi a jikinsa, tsoka ce kawai ke riƙe da shi a buɗe. Idan kina farke tsokar a ɗaure take. Da barci ya ɗauke ki sai ta saki, hanya ta ƙuntata, iska ta riƙa kutsawa da ƙarfi tana kaɗa naman bayan ganɗa da beli da gindin harshe. Wannan kaɗawar ita ce ƙarar da maigida ke ji.

Kitse yana ƙara matse hanyar ta wuri uku. Yana taruwa a gefe da gefen maƙogwaro, kamar tiyon ruwa da aka jingina wa buhu. Yana shiga cikin harshe kansa ya ƙara masa kauri, shi ya sa da kin kwanta rigingine sai ya zame baya. Na ukun shi ne wanda mutane ba su cika sani ba: tumbi. Idan kin kwanta, kitsen ciki yana tura huhu sama ya hana shi cika, huhun da bai cika ba kuwa ba ya jan bututun numfashi ya miƙe, sai maƙogwaro ya yi laƙwas.

Ba ke kaɗai ba ce. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya samu mata 28 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙa'ida, a birane kuma abin ya haura ɗaya cikin uku. Mun saba ɗaukar ƙiba alamar hutu, amma a unguwanni irin naku sau da yawa ta rashin zaɓi ce: abin da ya fi araha ya kuma fi saurin ƙosarwa shi ne taliya, biredi, mai da sukari, sana'ar kuma ta zama ce, sannan kowane jego ya bar nasa nauyin kafin wani cikin ya shiga.

Ki ari tef a wajen tela ki yi awo biyu. Na farko wuya, a tsakiyarsa, kina tsaye, ba tare da kin matse ba. Idan ya kai inci 16, wato kimanin santimita 40, kina cikin waɗanda numfashinsu ya fi saurin toshewa a barci. Na biyu ciki, ba inda tela ke auna ƙugun siket ba, a'a, tsakanin ƙarshen haƙarƙari da saman ƙashin ƙugu, wajen cibiya, a kan fata, bayan kin saki numfashi. Santimita 80 gargaɗi ne ga mace, 88 kuwa, kusan inci 35, haɗari ne. Ranar da kika kai yaro rigakafi ki roƙi a auna miki nauyi da tsawo. Ana ninka tsawo da kansa a raba nauyi da shi: mai tsawon mita 1.60 da kilo 82, za a raba 82 da 2.56, a samu 32. Daga 25 nauyi ya wuce ƙa'ida, daga 30 ƙiba ce da likita zai kira cuta.

Abin daɗin shi ne ba sai kin koma jikin 'yanmatanci ba. Wani bincike da aka daɗe ana yi a jihar Wisconsin ta Amurka, wanda aka buga sakamakonsa a 2000, ya nuna ƙarin kashi 10 cikin 100 na nauyi yana ƙara yawan toshewar numfashi a barci da kimanin kashi 32, raguwar kashi 10 kuma tana rage shi da kimanin kashi 26. Ga mai kilo 82, kilo 8 ke nan ake magana.

Tambaya: Ummana tana da shekara 54, tana da jiki sosai. Idan tana barci sai minsharin ya tsaya cak, in ɗauka ko wani abu ya same ta, can sai ta ja numfashi da ƙarfi kamar an shaƙe ta. Tana tashi fitsari sau uku ko huɗu, da safe kanta na ciwo, a kan sallaya ma gyangyaɗi take. Maganin hawan jini iri uku take sha amma ya ƙi sauka. An yi mata maganin taifot ba adadi. Wasu sun ce dannau ne.
Wata ɗaliba, Sabon Gari, Zariya

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya yi miki albarka da wannan lura. Abin da kika kwatanta ya wuce minshari, alamun ɗaukewar numfashi a cikin barci ne, kuma yana bukatar likita. Dannau daban yake: mutum ya farka, yana ji yana gani, amma ya kasa motsa jiki na ɗan lokaci. Ita Umma hanyar iskarta ce ke rufewa ruf. Ƙirji yana ta ƙoƙari, iska ba ta shiga, oksijin ya ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta zabura ta tashe ta na daƙiƙa biyu ko uku don tsoka ta ɗaure, ta ja numfashi, ta koma barci ba tare da ta san ta farka ba. Haka za a yi ta yi har asuba.

Daga nan sauran suke fitowa. Kowace zabura tana sa jiki ya saki sinadarin firgici, zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyi su matse, jini ya hau. In aka shekara ana haka sai hawan ya zauna har da rana, ya ƙi jin magani. Yunƙurin jan numfashi ta rufaffiyar hanya yana miƙe zuciya, ita kuma ta saki wani sinadari da ke sa ƙoda ta ƙara fitsari, shi ne tashin daren nan. Duk da haka a gwada mata sukari, don ciwon sukari ma yana kawo yawan fitsari, kuma su biyun sukan zo tare. Idan aka bar shi, yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da rikicewar bugun zuciya. Shekarunta ma suna da hannu: kafin al'ada ta ɗauke maza sun fi mata wannan matsala nesa ba kusa ba, bayan ta ɗauke sai tazarar ta ragu, domin sinadaran da ke taimaka wa tsokar maƙogwaro sun ja baya, kitse kuma ya koma taruwa a ciki da wuya.

Mata ba su cika zuwa asibiti da kukan minshari ba, kunya ba ta bari. Kasala, ciwon kai da rashin barci mai daɗi suke faɗa, sai a rubuta maganin maleriya ko taifot ko na ƙarin jini. Saboda haka ke za ki kai shaida. Ki zauna kusa da ita awa ɗaya bayan barcinta ya yi nauyi, ki sake wata awar gab da asuba, don a mata da yawa a lokacin abin ya fi tsanani. Da agogon waya ki ƙirga: duk shirun da ya kai daƙiƙa 10 alhali ƙirji na motsi, ki ja layi ɗaya a takarda. Ki naɗi sautin, in ta yarda har da hoton bidiyo. A gwajin barci na asibiti, sau 5 zuwa 14 a awa mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, daga 30 mai tsanani. Kunnenki ba zai kama duka ba, don haka abin da kika ƙirga ƙasa yake da gaskiyar lamarin.

Ku fara da likitan da ke duba mata hawan jini, ku nemi takardar turawa zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro ko na ƙirji. Asibitin koyarwa na Shika na kusa da ku. Akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Maganin da ya fi aiki ga mai tsanani shi ne na'urar hura iska, wadda a asibiti za ki ji ana ce mata "sipap". Wani likita a Sidni ta Ostireliya, Colin Sullivan, ya fito da ita a 1981. Ana sa abin rufe hanci, ita kuma tana turo iska a hankali ta riƙe maƙogwaro a buɗe. Ba za mu ɓoye miki ba, tana da tsada kuma tana son wuta dare guda cur, abin da ba kowane gida ke da shi ba. Ga mai sauƙi ko matsakaici, likitan haƙori yana iya yin wata roba da ake sawa a baki ta turo muƙamuƙin ƙasa gaba.

Gargaɗi guda: idan ƙafafunta sun kumbura, ko ba ta iya kwanciya miƙe sai a jingine don haki, wannan zancen zuciya ne, kada ku jira ranar asibiti.

Tambaya: Kafin bikina ƙawaye suka ce na cika rama, suka kawo min "sha ka fashe". Wata biyar ina sha. Fuskata ta yi zagaye, bayan wuyana ya taru, ango kuma ya ce ina minshari. In daina yau?
Wata amarya, Maraɗi

Amsa: Amarya, ki daina, amma ba yau ɗaya ba. Fara da duba jikin kwalin ko takardar ƙwayar. Idan an rubuta Dexamethasone ko Prednisolone, magani ne mai ƙarfi da aka yi don asma da kumburi mai tsanani. Abin da yake ba ki ba ƙibar lafiya ba ce. Yana tara ruwa, yana kwashe kitse ya jibge a fuska, ƙeya da ciki, hannu da ƙafa kuma su sirance don tsoka na narkewa. Wato daidai inda minshari ke so nan yake kai kitsen. Bayan haka yana hawar da jini da sukari, yana fasa fata da nankarwa mai faɗi, yana rage ƙwarin ƙashi da garkuwar jiki, yana kuma rikita al'ada.

Dalilin da ba a yanke shi farat ɗaya: a saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke samar wa jiki irin wannan sinadari. Idan kin sha na kanti fiye da mako uku sai ta rage aiki. In kika tsaya kwatsam, jiki ya rasa na waje ya rasa na ciki, sai kasala mai tsanani, amai, jiri, jini ya faɗi, har a kai ga suma. Ki ɗauki kwalin ki kai wa likita, ki faɗi ƙwaya nawa kike sha a rana ba tare da ragi ba, ya tsara miki yadda za a riƙa ragewa mako-mako. Fuska da wuya sukan sauka cikin watanni.

Idan kuwa Cyproheptadine aka rubuta, ko na ruwa ne mai buɗe ciki, asalinsa maganin ƙaiƙayi da atishawa ne. Yana sa ci, yana sa barci mai nauyi, barcin kuma yana ƙara sakin tsokar maƙogwaro. Haka ƙwayar barci irin Diazepam, da Tramadol, da maganin tari mai kodin wanda Najeriya ta hana sarrafawa da shigo da shi a 2018. Ga mai ɗaukewar numfashi waɗannan sun fi haɗari, domin suna danne zaburar da ke tashinta ta ja iska.

Tambaya: Kullum likita ya ce in rage ƙiba, in ci kifi da kayan marmari. Mijina ya rasu, ɗinki nake ina riƙe yara huɗu. Tukunya ɗaya muke da ita. Wata ta ce in sayi shayin rage tumbi.
Wata mai ɗinki, Rigasa, Kaduna

Amsa: Allah Ya jiƙan maigida, Ya dafa miki, Hajiya. Ki riƙe kuɗin shayin. Yawancinsu filasko ne ko wani abu mai sa gudawa da fitsari; ruwa ke fita, sikeli ya sauka kwana biyu, kitsen wuya yana nan daram. Kuma ba sai kin ɗora tukunya ta biyu ba. Abin da ake nema rabin kilo ne a mako, wato rage kimanin kalori 500 a rana (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), kuma mafi yawansa a mai da sukari yake ɓoye.

Babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne, manja da man gyaɗa duk ɗaya. Mai zuba wa shinkafa ko ɗanwake mai kai tsaye daga kwalba ba ta san ta zuba cokali uku ko huɗu ba. Ki sa cokali a tsakani: ɗaya a kwanonki, sauran daɗin yaji da albasa su cike. A miya, in kin saba sa gwangwanin madara guda, wanda ya kai cokali 10, ki mayar rabi. Awara tana shiga miya ba tare da an soya ba, kuma a haka tana maye gurbin nama.

Sukari kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce ƙaramin cokali 12 a rana ga babba, in an tsaya a 6 ya fi. Robar lemo guda ta rabin lita ta kusa cinye 12 ɗin ita kaɗai, ba a zo kan shayin safe, koko, zoɓo da fura ba. Ki riƙa rage cokali ɗaya duk mako. Harshe yana sabawa, wanda ya yanke gaba ɗaya ne ke komawa.

A kwano, rabi ya zama ganye: kwaɗon zogale ko rama, alayyahu, kabeji, yakuwa, duk wanda ya fi araha a ranar. Malmalar tuwo daidai dunƙulen hannunki, miyar kuka ko kuɓewa kuwa ki sha yadda kike so. In garau-garau ne, wake ya rinjayi shinkafa, don shi ke riƙe ciki. Taliyar yara ki bar wa yara, su ma ba kullum ba. Sai wani abu da iyaye mata ke yi ba su lissafa shi a ci ba: suɗe ragowar kwanukan yara don kada a yi asara. Ki haɗa shi ki rufe, ɗumamen safe ne. Kada kuma ki wuni da yunwa a kan keken ɗinki sannan ki cika ciki bayan isha'i. Ki ci wani abu da rana, na dare ya zama mara nauyi, awa uku kafin kwanciya. Cikakken ciki yana ƙara danne huhu, yana kuma turo ƙwarnafi ya ƙona maƙogwaro.

Motsa jiki minti 150 a mako ake so, wato minti 30 sau biyar, kuma ana iya raba shi goma-goma. Ki taka zuwa Islamiyya ko kasuwa, ki sauka daga adaidaita kafin a kai layinku. Wadda ba ta fita, zagayen tsakar gida da sauri bayan asuba da bayan la'asar ya wadatar. Ma'aunin saurin: kina iya magana amma ba za ki iya jan waƙa ba. A kan keke, duk rabin awa ki miƙe, ko guga ce ki yi a tsaye.

Makonnin farko su ne masu wuya, kuma ba ragwanci ba ne. Wadda barcinta ke yankewa jikinta yana ƙara sinadarin yunwa ya rage na ƙoshi, ta wayi gari tana kwaɗayin zaƙi da maiƙo ga kasala. Minshari na ƙara ƙiba kamar yadda ƙiba ke ƙara shi, shi ya sa gyaran kwanciya da ke cikin amsa ta ƙarshe ya kamata ya tafi tare da gyaran kwano.

Tambaya: Iyalina tana minshari sosai. Mahaifiyata ta ce beli ne, a kira wanzami ya cire.
Wani magidanci, Gusau

Amsa: Malam, a ba Inna haƙuri, kada a cire. Beli yana cikin abin da ke kaɗawa, amma ba shi ya ƙuntata hanyar ba. In kitsen wuya da harshe ne, ko an cire shi suna nan. Kuma kumburinsa sau da yawa minsharin ne ya jawo, saboda bugun da yake sha dare guda. A babba wurin yana zubar da jini sosai, jinin yana iya bin hanyar numfashi, ga haɗarin tetanus da ciwon hanta daga ƙarfen da ba a dafa ba. Tabon da zai bari ma yana iya ƙara matse wurin. Ko a asibiti ba a yin tiyatar maƙogwaro sai an duba an ga inda toshewar take, kuma ga mai ƙiba sosai ba ta cika biyan bukata ba. Taimakon da za ka yi ya fi wannan: kai ne ke farke lokacin da take barci, ka saurara ko numfashin yana ɗaukewa, ka kuma bar yi mata dariya a gaban mutane.

Tambaya: Cikina wata bakwai. Dama ina da jiki, amma minshari yanzu ya fara. Zai wuce?
Wata mai juna biyu, Sakkwato

Amsa: Allah Ya raba lafiya. Sau da yawa yana wucewa bayan haihuwa, don ciki yana kumbura fatar cikin hanci, yana kuma tura huhu sama. Sai dai sabon minshari a mai ciki, musamman mai jiki, yana tafiya tare da hawan jinin ciki da sukarin ciki. Ki faɗa a wajen awo, a auna jini kowane zuwa, a duba fitsari. Daga 140 bisa 90 ba a wasa. Ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ko ciwo a saman ciki ƙarƙashin haƙarƙari, asibiti nan take ko da tsakar dare, don jijjiga ake gudu. Daga mako na 28 ki riƙa kwanciya a gefe, ban da rigingine. Yanzu ba lokacin rage ƙiba ba ne, lemo da soye-soye kawai za ki rage. In aka ce za a yi miki aiki, ki gaya wa mai ba da maganin barci kina minshari, don ya shirya.

Tambaya: Ni ba ni da ƙiba can, amma ina minshari, ya fi yawa da sanyi. Me zan yi kafin in samu zuwa asibiti?
Wata mai karatu, Damagaram

Amsa: Baiwar Allah, siririya ma tana yi. Toshewar hanci, karkatar ƙashin tsakiyarsa, manyan tonsil (naman nan biyu da ke gefe da gefen maƙogwaro) ko ƙaramin muƙamuƙi duk suna kawo shi. Wanda ke ƙaruwa da hunturu hanci ne: ƙura, hayaƙin itace da gawayi, turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi a rufaffen ɗaki. Ki yi girki a inda iska ke wucewa, ki koma gidan sauro. Ki tafasa ruwa rabin lita, ki sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe, ya huce, ki shaƙa ki fyace a kowace kafar hanci kafin kwanciya. Kullum ki haɗa sabo. Maganin ɗigawa na kemis mai buɗe hanci nan take kada ya wuce kwana biyar zuwa bakwai, bayan haka shi da kansa yake toshe hancin.

Sauran ya shafi kowa, mai jiki da siririya. Ki kwanta a gefe, kamar yadda sunna ta koyar da kwanciya a kan dama. Matsalar ita ce juyawa rigingine cikin barci, don haka ki ɗinka aljihu a bayan tsohuwar riga, tsakanin kafaɗu, ki cusa dunƙulen tsumma mai tauri. Duk sanda kika juya zai mayar da ke. Ki ɗaga wajen kai santimita 10 zuwa 15, da bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado, ko bargo a naɗe ƙarƙashin katifa in a ƙasa kike, yadda ƙirji da kai za su ɗagu tare. Tara filo biyu ko uku a ƙarƙashin kai kaɗai yana lanƙwasa wuya ya ƙara matse hanyar.

Idan kuma nauyinki ya fara ƙaruwa ba tare da cinki ya ƙaru ba, ga jin sanyi fiye da kowa a gida, bushewar ciki da fata, murya ta dushe, ko gaban wuya ya ɗan taso irin na maƙoƙo, ki nemi a yi miki gwajin jini na tayiroid, wata halitta da ke gaban wuya. Raunin aikinta yana kawo ƙiba da minshari a tare, kuma maganinsa ƙwaya ɗaya ce kowace safiya, kafin karin kumallo.